Kun Tambaya, Mun Amsa: Kek ɗin Gida a Teburin Ofis

Wasiƙun da suka cika akwatin wannan fili a 'yan makonnin nan sun fito ne daga masu gashi da soye-soye a gida, waɗanda ke kai wa abokan aiki ɗanɗano. Kaɗan ne suka tambayi yadda ake kwaɓi. Yawanci kukansu ɗaya ne: an kai an ƙi ci, ko an ci an biyo da magana. Mun zaɓo bakwai, mun taƙaita su, mun kuma cire sunaye da wuraren aiki.

Tambaya: Ina aiki a wata ma'aikata a Kano, mu talatin da biyu ne a sashenmu. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na kai ƙananan kek guda arba'in da na kwana ina gasawa, na bi tebur-tebur ina rabawa. Kusan rabi na dawo da su gida. Abin da ya fi ƙona min rai, wata babbar ma'aikaciya ta ce a gaban mutane ita ba ta cin abin hannun da ba ta san cikinsa ba. Ban taɓa yi mata komai ba. In daina kaiwa ne, ko in same ta mu yi ta ta ƙare?
Wata ma'aikaciya, Kano

Amsa: Kada ki same ta, 'yar'uwa, kuma ba sai kin daina ba. Kafin mu zo kan Hajiyar, dubi ranar da kika zaɓa. Litinin da Alhamis ranakun azumin nafila ne, kuma mai nafila ba ya son tallata kansa, sai ya ce miki "na ƙoshi" ya ci gaba da aikinsa. Haka abin yake a ranakun 13, 14 da 15 na watan Musulunci, da makonnin bayan ƙaramar Sallah lokacin da ake Sitta Shawwal da ramuwa. Ba mamaki cikin rabin da ya dawo, da yawa ba ƙin ki aka yi ba. Talata da Laraba su ne ranakun kai ɗanɗano, wajen ƙarfe 11 na safe ko bayan sallar azahar. Juma'a kowa hankalinsa na kan masallaci da tashi da wuri.

Bin tebur-tebur shi ne babban kuskuren. Idan kika tsaya a kan mutum da tire a hannu, kin tilasta masa ya ba ki amsa a gaban jama'a. Akwai mai ciwon sukari da bai faɗa wa kowa ba. Akwai mai ƙaramin ciki da ƙamshin bota ke tayar mata da zuciya, ita kuma ba ta shirya a sani ba. Akwai magidancin da ya san in ya yi santin kek ɗin wata a ofis, labarin zai riga shi isa gida. Duk waɗannan ko su ci don kara, ko su yi ƙarya, ko su yi gatsali. Ki ajiye robar a wuri ɗaya, kusa da inda ake haɗa shayi, ki sa tishu a gefe, ki yi tayi sau ɗaya: "Jama'a, ga ɗan kek nan, bismillah." Daga nan ki koma kujerarki, kada ki riƙa satar kallon wa ya ɗauka wa bai ɗauka ba.

Maganar Hajiya kuwa, mu faɗe ta da sunanta: tsoron barbaɗe ne. Wannan tsoro yana nan a ofisoshinmu, ya fi tashi idan ƙarin girma ko sauyin wurin aiki ya ƙarato, kuma rantsuwa ba ta cire shi. Ki je ki ce "wallahi ban sa komai ba", sai ki ƙara wa abin armashi, gobe a ce ai har rantse-rantse take yi. Abin da ke rage shi tsari ne. Komai ya zo a mazubi ɗaya, kowa ya zaɓa da hannunsa, ke ma ki ɗauki ɗaya ki ci ana gani. Kada ki taɓa ware wa oga nasa daban a naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Wannan ƙunshi na musamman shi ke haifar da zargi biyu a lokaci guda, na asiri da na fadanci. In dole sai ya samu, masinja ya shiga masa da tiren da kowa ya ci a ciki.

Amsar da ta dace da ita a wurin ba ta wuce "Ba komai Hajiya, Allah ya bar zumunci" ba. Gobe ki gaishe ta kamar kullum. Wani karon kada ki yi mata tayi na musamman, kada kuma ki tsallake ta a ga kin tsallake.

Yawan ma ya yi yawa. Mutum talatin da biyu, kek ashirin zuwa ashirin da huɗu sun isa. Ki fara cire rabon masu shara da masu gadi da direbobi tun da safe, kada ki jira sai abin ya yi kwantai sannan ki tuna da su, suna lura da bambancin.

Tambaya: Kek ɗina yana fitowa da kyau da daddare, amma kafin a ci shi a ofis washegari ya bushe kamar burodin jiya, wani lokaci kuma tsakiyarsa ta lotsa. Har wani ya tambaye ni ko da ruwan shayi ake cin sa. Da bota nake yi, kuma a tukunyar yashi nake gasawa idan babu wuta.
Wata malamar asibiti, Katsina

Amsa: Kek ɗin da zai kwana ya yi tafiya, da mai ya fi na bota. Bota tana daskarewa idan ta huce, mai kuwa yana nan a ruwansa, shi ya sa kek ɗin mai ke kai kwana biyu zuwa uku da laushinsa, musamman da hunturu lokacin da iska ke tsotse danshin komai. Ga haɗin da zai ba ki guda 16 zuwa 20, gwargwadon girman gwangwaninki: fulawa giram 250, wato kofi biyu; sukari giram 180, kofi ɗaya da bai cika ba; ƙwai 3; mai rabin kofi, mililita 120; yogot marar sukari ko kindirmo mai kauri mililita 180; bekin foda ƙaramin cokali biyu; gishiri rabin ƙaramin cokali. Idan kindirmon ya yi tsami sosai, ki ƙara bekin soda kwatan ƙaramin cokali.

Ki tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri tare. A wani kwano ki buga ƙwai da sukari minti uku har ya yi haske ya ɗan kumbura, ki zuba mai a hankali kina bugawa, sannan yogot. Sai ki juye fulawar kashi biyu, ki juya da muciya ko cokalin katako, da zarar farin gari ya ɓace ki tsaya. Yawan bugu bayan an sa fulawa shi ke tayar da danƙon alkama, kek ya fito da tauri yana jan haƙori. Kada kwaɓin ya zauna jiran murhu, bekin foda yana fara aiki tun da ya ji ruwa. Ki cika gwangwani kashi biyu cikin uku kawai.

A oben, digiri 175 na minti 18 zuwa 22. A tukunyar yashi babu ma'aunin zafi, don haka ki bar yashin ya yi zafi minti 15 zuwa 20 a rufe, sannan ki gwada da ɗan garin fulawa a murfin gwangwani: in ya yi ruwan zuma cikin minti biyar, zafin ya yi daidai, in ya yi baƙi, ki rage wuta ki buɗe tukunyar ta ɗan sha iska. Kada gwangwani ya zauna kai tsaye kan yashi, ki ɗora shi kan waya ko ƙananan duwatsu uku, in ba haka ba ƙasan zai ƙone tsakiya tana ɗanya. Wannan yana cikin abin da ke kawo lotsawa. Sauran su ne buɗe murfi kafin minti 15 na farko, da wuce gona da iri wajen bekin foda, wanda ke sa kek ya taso da sauri ya rufta. In kina shakkar bekin fodar, zuba rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi. In bai yi kumfa nan take ba, ya mutu.

Bushewar kuwa, yawanci gashi ne ya zarce. Mutane suna jira sai tsinken sakace ya fito tas, alhali a lokacin kek ya riga ya wuce. Ki sauke idan tsinken ya fito da 'yan ɓurɓushi masu laushi, ba ɗanyen kwaɓi ba. Minti biyar a gwangwani, sai ki fitar ki jera kan waya ko rariya ya huce na awa ɗaya, ki rufe a roba mai matsattsen murfi da zarar ya huce. Ki rufe da ɗumi, ya yi gumi, samansa ya yi danƙo, kwana biyu ya fara hunhuna. Ki bar shi a buɗe har safe, ya bushe. Firij ma busar da kek yake yi, ba a sa marar kwalliya a ciki.

Kwalliyar bota kuwa ki haƙura da ita sai dai in ofishinku da sanyin na'ura kuma wuta ba ta ɗaukewa. Bota tana narkewa a wajen digiri 32 zuwa 35, zafin Afrilu a Katsina kuwa yana haura 40. Ki dama garin sukarin kwalliya giram 100 da ruwan lemon tsami babban cokali ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ki yarfa a kai, zai bushe ya kama jikinsa. A mota ki ajiye robar a ƙasa wajen ƙafa, ba a but ba kuma ba kan kujerar da rana ke duka ba. A adaidaita sahu, kan cinya.

Tambaya: Maiɗakina ta soya cincin da man gyaɗa na gida, na kai ofis. Wani abokin aikinmu ya ci 'yan ƙwayoyi, leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi rudu-rudu, aka kai shi asibiti. Ya warke, amma yanzu an fitar da takarda an hana kowa kawo abincin gida don rabawa, kuma ana kallona kamar da gangan na yi. Ashe suya ba ta kashe abin da ke cikin gyaɗa?
Wani ma'aikacin kamfani, Kaduna

Amsa: Ba ta kashewa, Malam. Abin da ke tayar da borin jini a gyaɗa sinadarin furotin ne, kuma suya ko gashi ba sa lalata shi. Man gyaɗa na gida, wanda ake matsewa wajen ƙuli-ƙuli, yana ɗauke da shi sosai domin ba a tace shi irin tacewar masana'anta ba. Kuma ɗan kaɗan ya isa. Turmin da aka daka gyaɗa, ko injin markaɗen da aka niƙa ta, ko ludayin da aka tsoma a man, duk suna iya kai ta cikin abin da babu gyaɗa a haɗinsa.

Abokin aikinku ya yi sa'a. Kumburin leɓe da ƙaiƙayi matakin farko ne. Idan murya ta shaƙe, ko harshe da maƙogwaro suka kumbura, ko numfashi ya fara fita da ƙyar da ƙara, ko mutum ya ji jiri ya yanke jiki, to magana ta zama ta rai, kuma cikin mintuna take faruwa. Ba a ba shi manja ko madara ko ruwa a jira, ƙwayar maganin ƙaiƙayi ma ba ta isa. Allurar adirenalin yake buƙata, asibiti mafi kusa nan take. In yana yawo da allurarsa, a taimaka masa ya yi ta a cinya, a kuma kai shi asibitin duk da haka. Kada a tsayar da shi ko a sa shi takawa, a kwantar da shi, ko ya zauna in numfashi ne ya fi damun sa.

Game da takardar hani, kada ka yi jayayya da ita yanzu, hukumar kamfani tana da hujja. Ka je ka duba mutumin, ka ba shi haƙuri ba tare da "ai ban sani ba ne, da ka faɗa" ba. Bayan wata guda ko biyu, in kuna son a dawo da al'adar, ku kai wa shugaban sashen ma'aikata shawara a rubuce: duk abin da za a kawo ya zo da takarda a manne a murfi mai ɗauke da sunan wanda ya kawo, ranar da aka yi, da dukan kayan haɗi. Misali: "Cincin. Fulawa, sukari, ƙwai, madarar gari, bota, an soya da man gyaɗa na gida." Abubuwan da ba a mantawa da ambatonsu su ne gyaɗa, riɗi, kashu, ƙwai, madara, alkama, waken suya da kifi. Kada a rubuta "babu gyaɗa" in ana amfani da gyaɗa a kicin ɗin, a rubuta "ba a sa gyaɗa ba, amma ana amfani da ita a gidan". In sun amince, to. In sun ƙi, dokar gidansu ce.

Tambaya: A ɗakin malamai akwai wani dattijo da duk na kawo kek sai ya ce za mu kashe su da sukari. Yana da ciwon. Na yi niyyar yi masa nasa da zuma ko dabino. Ya yi?
Wata malamar makaranta, Gusau

Amsa: Bai yi ba, Malama, kuma Baba yana da gaskiya fiye da yadda kike zato. Zuma da dabino suna ɗaga sukarin jini, kuma ko babu zaƙi ko kaɗan, farar fulawa kanta tana komawa sukari a jiki. Babu kek ɗin fulawa da za a kira na masu ciwon sukari, kiran sa haka ma haɗari ne, don zai sa mutum ya saki jiki ya ci uku.

Ga lissafi. Kek na gargajiya mai sukari giram 250, in aka yanka shi ashirin, kowane yanki yana da giram 12 da rabi, wato ƙaramin cokali uku, kafin a sa kwalliya. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, wajen giram 50 ga babba, kuma in an sauko zuwa 25 ya fi. Yanki ɗaya da kofin shayi mai cokali uku, an cinye wannan 25 ɗin tun kafin azahar.

Za ki iya rage kashi ɗaya cikin huɗu na sukarin kowane kek ba tare da ya lalace ba. In kika wuce kashi ɗaya cikin uku, zai fito fari, busasshe, ba laushi. Ki yi ƙanana, loma biyu. Shi kuma Baba, ki ajiye wani abu a gefe da zai iya sa hannu ba tare da an nuna shi da yatsa ba: dafaffen ƙwai, yalo, kokwamba, ko gasasshiyar gyaɗa in babu mai borin jini a ɗakin. Kuma kada a ce masa "ɗan kaɗan ba ya komai". Shi da likitansa ne suka san adadinsa.

Tambaya: Ni Kirista ce. Duk Sallah abokan aikina Musulmi suna kawo min nama da cincin, ina ci. Amma da na kai kek ɗin Kirsimeti, kusan babu wanda ya taɓa. Wata ta raɗa min wai sun ji ana sa giya. Gaskiya na jiƙa zabibin da ɗan burandi, amma ai wuta tana ƙone shi. Yaya zan yi bana?
Wata akanta, Jos

Amsa: Wadda ta raɗa miki ta yi miki zumunci, 'yar'uwa. Wuta ba ta ƙone barasa duka, wani kaso yana saura a cikin kek ko bayan doguwar gashi, balle irin wanda ake ci gaba da yayyafa masa bayan an sauke. Kuma ko da ta ƙone, ga yawancin Musulmi sa ta tun farko ya isa dalilin ƙin ci.

Ga madadin da ke ba da launi da laushi iri ɗaya. Busassun 'ya'yan itace giram 500, zabibi da yankakken dabino da ɓawon lemo, ki zuba musu baƙin shayi mai ƙarfi da zafinsa mililita 300, ki rufe su kwana. Ko ki dafa su da ruwan lemon zaƙi minti goma a ƙaramar wuta, su huce kafin ki sa a kwaɓi. Kirfa da citta da ɗan kanumfari za su cike gurbin ƙamshin. Gashi a digiri 150, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ki rufe samansa da takardar gashi in ya fara duhu. Bambancin kawai shi ne ba ya daɗewa. Mai barasa yana yin watanni, wannan mako guda ne a rufe, don haka ki gasa kwana biyu kafin ranar kaiwa. Kada ki yi amfani da kwano da gwangwanin da kika yi ɗayan sai an wanke su tas.

Akwai ƙananan wurare biyu da ake tuntuɓe. Ruwan ƙamshin banila na asali da barasa ake jiƙa shi, wanda ake yi bisa ƙa'idar Amurka yana da aƙalla kashi 35 cikin ɗari. Ki karanta jikin kwalbar, ko ki sayi na gari, ko ki goga ɓawon lemon tsami. Sai jelatin da ke cikin wasu alewoyin ado da kayan kwalliyar kek, wanda sau da yawa daga alade ake samun sa in ba an rubuta halal ko na shanu ba. In mit-fai ko samosa za ki kai, ki faɗi wurin mahaucin da kika sayi naman, ko ki yi da kifi ki huta da tambaya.

Ki rubuta a murfi: "Babu barasa, da shayi aka jiƙa." Ki kuma gaya wa ita wadda ta raɗa miki tun kafin ranar, bakinta zai fi takarda isar da saƙo. Duk da haka za a samu waɗanda ba sa cin abincin bikin wani addini bisa fahimtarsu. Wannan ba a kicin ake gyara shi ba, kuma ba a muhawara a kansa a ofis. Ki kai irinsa wata Laraba a Fabrairu, za ki ga hannayen da ba ki gani ba a Disamba.

Tambaya: Manajanmu ya ce ofis ba gidan abinci ba ne. Dalilinsa, mit-fai ɗin da na kai ya bar maiƙo a wata takarda, kuma wani ya ce cikinsa ya ɓaci. Da asuba na gasa, ƙarfe biyu aka ci.
Wata ma'aikaciyar banki, Abuja

Amsa: Daga asuba zuwa ƙarfe biyu awa takwas ke nan, nama da dankali a rufe cikin ɗumi. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma ƙa'idar dafaffen abinci mai nama ko ƙwai ko madara ita ce kada ya wuce awa biyu a waje, awa ɗaya in zafin gari ya haura 32. Ba sai ya yi wari ba kafin ya cutar. In babu firij da abin ɗumama abinci a ofis, mit-fai da samosa a ci su da isowa ko a bar su a gida.

Manaja kuma yana kan gaskiyarsa, takardar abokin hulɗa ba ta haɗa hanya da maiƙo. Ki ba shi haƙuri, ki bari ƙura ta lafa, sannan ki nemi izini kafin ki sake kawo komai: sau ɗaya a wata, a ɗakin cin abinci, lokacin hutu, ke za ki share wurin ki fitar da shara. Ki zaɓi busasshen abu. Cincin da biskit sun fi tsabta. Dubulan da alkaki suna da daɗi amma ruwan sukarinsu yana kiran kiyashi ya manne a madannan kwamfuta, gireba kuma tana marmashewa ko'ina. In ya ce a'a, ki ƙulla a 'yan ledoji ki miƙa a bakin ƙofa lokacin tashi, kowa ya kai wa yaransa.

Tambaya: Tun da na kai kek sau biyu, an mayar da ni gidan burodi. Wanda za a yi wa liyafar ritaya, wanda ya samu ƙarin girma, duk "Anti za ta yi mana", babu mai tambayar kuɗin ƙwai. Wasu kuma suna son in riƙa sayar musu. Ma'aikaciyar gwamnati ce ni.
Wata ma'aikaciya, Bauchi

Amsa: Anti, kunya ce ke cin kuɗin ƙwanki. Mutanen da ba sa gashi ba su san abin da ke shiga ciki ba, don haka ki nuna musu a rubuce. Kek na mutum hamsin, bisa haɗin da muka bayar a sama ninki uku, yana cin fulawa giram 750, sukari giram 540, ƙwai 9, mai mililita 360, yogot mililita 540, ban da gas da takardun kek da roba da kuɗin mota. Wani karon in an ce Anti za ta yi, ki ce da fara'a: "To, a yi karo-karon kayan haɗi, ni kuma zan ba da hannuna." Ki tura jerin ga wanda ke shirya liyafar, ki sa ranar da kike son kayan ko kuɗinsu su iso, kwana uku kafin taron. In ba su iso ba, ba a yi kek ba. Makon da ba ki da sukuni, "wannan karon ba zan samu dama ba" ta isa, ba sai kin kawo uzuri ba.

Sayarwa kuwa tana da ƙaya. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999, inda ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata suke, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Kowa ya san ana sayar da atamfa da turaren wuta a ofisoshi ana kau da kai, amma ranar da kika saɓa da wani, wannan sakin layin zai ɗauko ya rubuta ƙorafi, ke kuma ki tsinci takardar tuhuma a teburinki. Masu aiki a kamfani su duba takardar ɗaukarsu aiki, da yawa tana da irin wannan sharaɗi. Idan har sana'ar za ta kai ga ƙunshewa da manna suna ana kaiwa shaguna, rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ma ta shigo.

In akwai 'ya ko ƙanwa a gida da ta iya hannu, sana'ar ta zama tata da gaske, ita ke karɓar oda a wayarta, ita ke kaiwa. A karɓi rabin kuɗi kafin a fasa ƙwai, a biya sauran ranar karɓar kaya, kuma kada a buɗe littafin "sai an yi albashi".